Gafarar da Ban Nema Ba a Wurin Baffa Jalo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu na shekarar 2025, Allah Ya yi wa Malam Jalo na Zungur rasuwa bayan jinyar mako biyu a gidansa. An yi masa sutura bayan azahar, kuma ban samu jana'izar ba. Sai washegari Habila, babban direbana, ya tsaya a bakin ƙofar ofis ya ce, "Oga, jiya da na ce zan je unguwa, Zungur na je. Baba Jalo ya rasu." Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini tun jiya. Ya ce, "Ai kai ka ce kada a sake ambaton sunansa a nan." Gaskiya ya faɗa. Ni na ce.

Baffa, wannan takarda taka ce, ko da yake ba ka karanta boko, kuma yanzu ba ka da buƙatarta.

Mutanen Bauchi sun san ni da motocin da ke kai baƙi yawon buɗe ido cikin duwatsun da ke tsakanin Zungur da Dass. Sun san na fara da kwandasta a tasha, sakandare ma da ƙyar na gama, yau ga ni da motoci tara. Na sha faɗa da bakina cewa babu wanda ya yi ni sai Allah. A maganar nan akwai mutum ɗaya da na tsallake, kai ne.

A shekarar 2009 muka haɗu. Ina da tsohuwar mota guda, na ɗauko 'yan bautar ƙasa huɗu da suka ce suna son hawa dutse. Na ce musu na san hanya, alhali iyakar sanina bakin kwalta. Muna ta kewaye gindin dutsen sai ga ka da 'yan shanunka. Ka dube mu, ka dubi takalmana, ka ce, "Ɗana, da wannan za ka hau?" Ka bar shanun wa maƙwabcinka, ka wuce gaba. Ranar na fara ganin garinmu daga sama, ƙanƙane kamar an zuba tsakuwa a faranti.

Daga nan duk hanyar ƙafa da baƙina suka taka, kai ka nuna ta. Kai ka san wadda ake bi da rani da wadda ake bari idan ruwa ya sauka. Ka san idon ruwan da ba ya ƙafewa. Ba ka wuce ruga ko gona ba ka tsaya ka yi gaisuwa ba, ina ta duba agogo, kana cewa, "Dutsen nan da masu shi, mu baƙi ne." Har direbobina kai ka koya wa inda za su rage gudu a hanyar Dass, da inda za su tsaya da la'asar lokacin da rana ke mai da dutsen ja, baƙi su sauka su yi hoto. Na tuna wani manajan banki mai jiki da ya zauna a tsakiyar hawa ya rantse ba zai ƙara taku ɗaya ba. Ka ba shi sandarka, ka zauna kusa da shi kana ba shi labarin wata saniyarka mai taurin kai, har ya yi dariya ya miƙe. Ɗaliban jami'a na Gubi kuwa, ba ka barin su sauko sai sun tsince ledar ruwan da suka yar.

Da abin ya bunƙasa na buga takardar talla mai taswira, da hotona a sama, an rubuta "Hanyoyin da Alhaji Mansir ya gano". Babu sunanka ko a lungu. Na miƙa maka ita, ka juya ta, ka ce hoton ya yi kyau. A lokacin ne kuma na daina ce maka Baffa, na koma Jalo kawai, mutumin da ya girme ni da shekara ashirin.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Cikin watan Maris na 2019, ana tsananin zafi, wasu manyan baƙi goma sha biyu suka zo daga Abuja, shugabarsu wata Hajiya Yasmin. Na ce wannan karon ni da kaina zan ja gaba. Na sa farar shadda, na zuba turaren da na sawo a Umra har sai da Habila ya sauke gilashin mota. Hanyar da muka zaɓa tana bi ta gefen wani kogo da zuma ta yi shekaru a ciki. Dokarka ce tun farko: ranar bin hanyar kogon ba turare, ba mai mai ƙamshi, ba ihu. Ni da kaina nake gaya wa baƙi haka a waya, kuma su goma sha biyun nan sun kiyaye. Ni ne na ɗauka dokar ta baƙi ce.

A gindin dutse ka matso kusa da ni, ka sassauta murya ka ce, "Alhaji, turaren nan ya yi yawa. Ko ka cire rigar ka wanke jiki a rafi, ko mu zaga ta doguwar hanya." Ba ka ɗaga murya ba, amma wani cikin baƙin ya ji, ya yi dariya. Dariyar nan ce ta ci ni. Na ce, "Jalo, yau kai za ka koya mini wanka? Koma wurin shanunka, na san hanyata." Ka ce, "To, Alhaji. Allah Ya kiyaye." Ka juya.

Muna isa kogon, a inda hanya ta matse, dutse a dama, rami a hagu, zumar ta taso. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Mutane suka fara ihu suna turereniya, Hajiya Yasmin ta zame ta faɗi, ƙafarta ɗaya a bakin rami. Ni, mai hoto a takardar talla, na lulluɓe kaina da shadda na tsuguna.

Sai hayaƙi. Ashe ba ka koma ba. Ka biyo mu daga nesa, ka tsinci busasshen kashin shanu ka kunna tun a ƙasa, domin ka san abin da zai faru. Na ji muryarka kana cewa, "Kada kowa ya gudu! Ku rufe fuska, ku kama dutse!" Ka cire mayafinka ka rufa wa Hajiya, ka tsaya tsakaninmu da kogon da 'yar shara a jikinka, kana kaɗa hayaƙi har muka fice ɗaya bayan ɗaya. Da muka sauko idanunka sun kumbura sun rufe, Habila ne ya riƙe hannunka.

A mota Hajiya Yasmin ta tambaye ni wane ne wannan bawan Allah. Na ce ma'aikacina ne, ni na sa shi ya biyo mu a baya saboda tsaro, haka tsarinmu yake. Suka yaba mini. Na karɓi yabon.

Ban je duba ka ba. Ban sake kiranka aiki ba. Ba don ka yi laifi ba, don ka ga ni a tsugune ne, kuma ba zan iya haɗa ido da kai ba. Kusan shekara shida motocina suna wuce mararrabar gidanka. Sau da yawa na ce gobe zan tsaya.

Ranar sadakar uku na je. Bayan an yi addu'a na nemi a yi mini iso wurin uwargidanka, Goggo Mas'uda. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ba ta labarin nan kaf kamar yadda na rubuta shi, na ce na zo neman gafara. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Ashe haka aka yi. Mu ce mana ya yi zuma ya je ɗiba suka harbe shi. Har faɗa na yi masa, na ce tsoho da kai da kwaɗayi." Na ce, "Goggo, a yafe mini." Ta ce, "Alhaji, nawa na yafe. Nasa kuwa bai ba ni ajiya ba, tunda ko labarin bai ba ni ba. Sai ka roƙi Allah Ya haɗa ku a inda zai iya amsa maka."

Da wannan na taso, kuma da shi zan zauna sauran kwanana.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Jalo, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta wanda bai cancanta ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Mas'uda, da 'ya'yansa Nasiruddeen da Salma, da jikoki, da jama'ar Zungur baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma Ya kyautata ƙarshenmu, Ya sa in same shi ya amsa mini. Amin.

Alhaji Mansir Usama
Unguwar Ɗan Iya, Bauchi