Kalmar da Azariya Ya Raɗa Masa

Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar kwamfuta a Kafanchan ya san Baba Obadiah, in bai san fuskarsa ba ya san dokokinsa. In an kawo wuta kada ka jona nan take, bari ta zauna tukuna. Kada ka ɗora laftof a kan katifa. Da ka ji tsawar damina, zare komai daga bango. Filashin da ya shiga shagon buga takardu kuwa tamkar akuyar da ta kwana a kasuwa ne, sai an duba ta kafin ta shiga garke.

Ɗan Fadan Kagoma ne. Ya zo Kafanchan da ƙuruciyarsa ya kama aiki a ofishin sigina na jirgin ƙasa. Da jirage suka yi ta raguwa har ciyawa ta fara cin layin dogo, sai ya koma buga takardun coci da tafireta. Wata rana aka kawo wa cocin kwamfuta mai ƙaton ƙeya, kowa ya tsaya nesa yana kallo, har fasto. Obadiah ne ya ja kujera ya zauna gabanta, kuma za a iya cewa bai tashi ba har yau.

Shi ya tara masu sha'awar kwamfuta na garin. Kowace Asabar da yamma sukan haɗu a barandar shagon Marcel, Ibo ne haifaffen kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, mai sayar da kayan gyara. Obadiah ya fara ba da labarai: wace cuta ce ke yawo a filashi, wa tururuwa suka yi wa gida a cikin inji, wa wuta ta ƙona wa caja. Daga nan sai shawarar mako. Da can har a bakin kwata mutane ke tsayawa. Yanzu benci ɗaya bai cika, matasa sun koma waya, waɗanda suka rage kuma sun haddace shawarwarin har suna ƙarasa masa jimla. Gaskiya ya gaji. Gwiwa na ciwo, ido ya yi rauni, kuma babu abin da ke cin ransa kamar mutumin da ya gyaɗa kai ranar Asabar ya dawo Litinin da ƙonanniyar kwamfuta yana cewa aikin Shaiɗan ne.

Babbar dokarsa ita ce ta kalmar sirri. Ba a rubuta ta a takarda. Ba a sa sunan mata ko na ɗa, ba a sa ayar Littafi Mai Tsarki, don a cewarsa rabin kwamfutocin Kafanchan da Zabura ta ashirin da uku ake buɗe su. A cakuɗa haruffa da lambobi da alamomi yadda ba za su yi ma'ana ba. Saboda mutuwa kuma, kowa ya zaɓi mutum ɗaya cikin ƙungiya ya raɗa masa a kunne. Ban da mutanen gida, domin a gida magana ba ta kwana, yau uwa ta sani, gobe yara sun cika inji da wasanni.

Cikin duk waɗanda ya koyar, mutum ɗaya ne ya bi komai sau da ƙafa: Azariya, tsohon hedimasta daga Zonkwa. Shi har faifan ajiya na cikin laftof ɗinsa ya kulle gaba ɗaya, yadda Obadiah ya nuna musu, wanda ko an ciro shi babu abin da za a gani. Kuma Obadiah ne wanda Azariya ya zaɓa ya raɗa wa kalmarsa.

Bara ciwo ya kwantar da Azariya, ga shi an sa ranar auren autarsa Serah. Ya san ba zai kai ba. Ya aika aka kira Obadiah ya saita masa kyamarar laftof, ya ce yana so ya sa wa yarinyar albarka da bakinsa, a nuna mata ranar biki. Obadiah ya gyara masa matashi, ya danna maɓallin ɗauka, sannan ya fita ya ja ƙofa ya zauna gindin gwaiba. A ƙa'idarsa, sirrin mutum ba abin saurara ba ne. Kafin a fara tonon citta aka binne Azariya.

Ana saura mako guda biki, Dinah, matar marigayin, ta zo gidan Obadiah da laftof naɗe cikin zanen zumuntar mata.

"Baba, ya ce kai ne kana da mabuɗin. A buɗe mana kafin Asabar."

"An gama, Maman Serah," in ji shi.

Bayan ta tafi ya buɗe, ya ɗora yatsunsa, ya jira. Babu abin da ya zo.

Ya tuna ranar da aka raɗa masa kalmar sarai. Ana ruwa, kwanon barandar Marcel na ɗiga, Azariya ya sunkuyo yana ƙamshin namijin goro, ya maimaita masa har Obadiah ya ce ya riƙe. Ya tuna rigar da ke jikinsa. Ya tuna da babban harafi ta fara, kuma akwai tauraro a wani wuri. Sauran kuwa fayau. Da sunan mutum ne ko aya, da ya lalubo. Amma shi da kansa ya hana a sa abu mai ma'ana, ga shi yanzu babu inda tunani zai kama.

Ya gwada da safe, ya gwada bayan ya ci tuwo, ya yi addu'a ya sake gwadawa. Ya je shagon Marcel ya zauna daidai inda ya zauna a waccan ranar, har ya sayi namijin goro ya tauna ko ƙamshin zai jawo ta. Marcel ya ciro faifan ya jona a wata kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai.

"Oga, wannan kulle na gaskiya ne. Ko Legas ka kai, ba mai buɗewa. Ai kai ka koya masa."

Wannan ce maganar da ta fi yi masa ciwo. Shekara da shekaru yana fama da masu kunnen ƙashi, ashe wanda ya ji maganarsa shi zai cutu.

Ranar Juma'a Dinah ta dawo, Serah na biye da ita da sabon kitson amarya. Obadiah bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kalmar ta ɓace masa, kuma babu wata hanya.

Dinah ta kalli laftof ɗin. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ni na wanke shi, ni na juya shi a gado. Ba abin da ban gani ba a jikin mutumin nan. Amma wannan ɗaya, ya ce dokan ƙungiya ne, sai Baba. Ni da ban manta ko ranar da aka yaye yarana ba."

Obadiah ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana shi ko ba da haƙuri.

Serah ta matso ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba, ba kai ka ɗauka ba? To gaya mini abin da ya faɗa. Ko kaɗan ne."

"Na fita, 'yata. Na ja ƙofa."

"Ba ka ji komai ba?"

Ya rufe ido. Ga gwaibar, ga ƙofar, ga muryar mara lafiya tana tashi tana sauka ba a rarrabe kalmomi.

"Na ji ya kira sunanki," ya ce a hankali. "Ya yi magana mai tsawo. Can a tsakiya sai na ji yana dariya."

"Dariya? Yana cikin wannan ciwon?"

"Sosai ma. Har tari ya kama shi."

Serah ta share ido da bayan hannu. "Wane iri? Yana da kala biyu. Akwai na coci, akwai na gida."

Obadiah bai san yadda zai kwatanta ba. Sai ya gyara zama, ya ɗage kai, ya bugi gwiwarsa mai ciwo, ya saki irin dariyar Azariya, wadda ke farawa da fito ta tsakanin haƙora kafin ta fashe. Bai kai ƙarshenta ba muryarsa ta karye.

Dinah ta juya fuskarta ga bango.

"Na gida ne," in ji Serah.