Takun Hajiya a Falonmu na Waziriyya

Shekara tara na yi ina tuƙa wani likita, mutumin Ajantina, a Jidda. Duk Alhamis bayan la'asar, shi da matarsa sukan tara abokansu a cikin gida su yi wata rawar ƙasarsu da suke kira tango. Ni dai ina mota da carbina, ban taɓa leƙawa ba.

Sai Allah ya jarrabi mai ɗakina da shanyewar ɓarin jiki. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma tun da ta faɗi sau ɗaya a ƙofar banɗaki ta ƙi sake miƙewa. Likitan ya ce ƙafar lafiya lau, tsoro ne kawai, in kuwa ta daɗe a zaune ƙafar za ta mutu da gaske.

Ya ja ni garejinsa ya ce in dafa kafaɗunsa. Ni da farin gemuna, shi da tumbinsa, muna gaba muna baya tsakanin mota da injin wanki. Ya ce rawar tafiya ce ta mutum biyu, kowa na jin nauyin ɗan'uwansa. Na ce ban da kiɗa. Ya ce halas, shi ke nan. Na rubuta takun da ajami a bayan wani kwali: dama, hagu, tsaya, haɗe.

Da na koma gidanmu a unguwar Waziriyya na naɗe darduma, na rufe ƙofa.

"Hajiya, tashi mu yi rawa."

"Malam, zafin Jidda ne ya taɓa ka? Da jikokinka?"

"Likita ne ya rubuta."

"To ya sha maganinsa."

Sai da na yi kwanaki ina lallashi kafin ta ɗora hannuwanta a kafaɗuna. Amma abin ya ƙi. Shekara talatin ina gaba tana bina a baya, ba mu saba tsayuwa fuska da fuska ba. Kunya ta sa ta sunkuyar da kai, tana sunkuyarwa sai ta ga ƙafar, tana ganinta sai ta kasa ɗaga ta. Ni kuma idona na kan bango, ina janta kamar motar da ta mutu.

Na gaya wa likitan. Ya tambaye ni inda take kallo. Ya ce dole ta dube ni. Na ce a wurinmu wannan ya fi takun wuya.

Washegari bayan azahar muka sake tsayawa.

"Hajiya, dube ni."

"In ga me?"

"Ko gemun ne."

Ta ɗago a hankali. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dariya.

"Wai, Malam, ashe haka ka tsufa?"

Tana cikin dariyar na ja ƙafata baya, tata ta biyo. Na ƙara, ta ƙara. Ban ƙirga ba, ina ta salati a zuci, har bayana ya taɓa bango.

"Me ya tsayar da kai?"

"Bango ne."

"To juya mana. Yalla, mu tafi."