Shekarar da Aka Hana Ƙanwata Madara

Har yau in na ji madara tana zuba cikin ƙwarya lokacin tatsa, sai in ga kaina a gidanmu na Gure, zamanin Nasara, kafin babban yaƙinsu. Ina ganin shanu suna gangarowa daga tudun rairayi da yamma, inuwar goriba ta yi tsawo, ƙanwata tana tsugune da 'yar ƙwaryarta tana jira. Shekarunta biyar, ni tara.

A kakar shekarar nan ce tsila ta kama ta. Kai da ka tashi kusa da asibiti wataƙila ba ka san ta ba: tsutsar ciki ce, fara, mai faɗi, tana fita guntu-guntu. Mutanenmu kuwa sun yi imani madara ke kawo ta, tunda launinsu ɗaya. Sai babanmu ya hana ta madara, a gidan da madara ce rabin abincinsa.

Aka ba ta 'ya'yan kabewa dakakku, tsutsar ta fita, bayan 'yan watanni ta dawo. Yarinya ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Innarmu ta fara kuka a ɓoye, don ta riga ta binne 'ya'ya biyu.

Ni kuwa tausayi ya ishe ni. Ranar kasuwa akan yanyana naman sa, a barbaɗa gishiri, a shanya bisa igiya. Da idon manya ya kauce sai in yi ɗage in zaro mata, da sauran danshinsa, tana tsotsa tana lumshe ido. Tun kafin ciwon nake yi mata haka, da aka hana ta madara na ƙara.

Wata la'asar kakarmu, wadda ba ta cika magana ba, ta tarar da ita da guntu a baki. Ta karɓa, ta ɗaga shi ga rana, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kira babanmu ta nuna masa wasu fararen ƙwayoyi cikin tsokar, kamar tsabar gero.

"Ɗana, ba saniya mai rai ce ta cuce ta ba, yankakkiya ce," in ji ta. "Mayar mata da ƙwaryarta."

Daga ranar nama ba ya shiga bakin kowa sai ya dahu ya yi lugub. Aka sake ba ta maganin, kafin damina kumatunta sun ciko.

Yanzu likitan dabbobi ke duba nama a mahauta, jikokina suna yi mini tsiya wai ina dafa shi har ya rasa ɗanɗano. Su yi ta yi. Ƙanwata ta tsufa, ta ga jikokinta. Amma igiyar nan ta fi ƙarfin tsawon 'yar shekara biyar, kakarmu kuma ta san haka sarai. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tambayar wanda ke miƙo wa ƙanwata naman ba.