Mangwaron Datti

Duk wanda ya san Riruwai ya san Datti, dattijon nan mai rediyo a hammata da ke zama gindin mangwaro a bakin hanyar kasuwa. Haƙar kuza ce ta kawo mahaifinsa garin, shi ne kuma ya dasa bishiyar. Datti ya gaji gona, ya gaji inuwa, ya ƙara da baki. A nan dattawan unguwa ke wuni, labarin da bai bi ta majalisarsa ba kuwa bai faru ba tukuna.

Sai korona ta zo. Aka rufe hanyoyi da makarantu, ɗalibai suka dawo gida da manyan wayoyi, wai a ciki ake karatu yanzu. Nan aka gano duk unguwar babu inda sabis ke kamawa sai kan tudu, a ƙofar gidan Sale.

Sale fa! Mutumin da in ka gaishe shi sai ka jira amsa kamar mai jiran motar Kano. Ko tabarmar kirki ba shi da ita, ƙofar gidansa fako ne fetal, ba ko tsiro. Amma da hantsi ya yi sai ka ga jama'a sun yi cincirindo can, kowa ya ɗaga waya sama. Abin ya ɓata wa Datti rai. Ya ce taron ya saɓa dokar kulle, shi da tasa majalisar ba ta taɓa watsewa don dokar ba. Ya ce sabis ɗin tudu yana sa ciwon kai. Babu wanda ya ko waiwaye shi.

Na yara bai dame shi ba kamar na Balarabe, amininsa tun ƙuruciya, wanda kulle ya rutsa da ɗansa a Legas. Balarabe ya shiga hawa tudun don ya ga fuskar ɗan nasa a waya, sauran dattawa suka bi shi. In rana ta take sai su gangaro gindin mangwaro su sha iska, bakinsu cike da labarai. Wata rana Datti ya gyara murya zai faɗi abin da rediyo ya ce, Balarabe ya katse shi.

"Ai wannan tun safe muka gani a ƙofar Sale."

Ranar ko tuwo Datti bai iya ci ba. Kishi ne tsagwaronsa ke cin sa, shi ma ya sani.

Ya tafi wurin Nasiru mai gyaran waya. "Kai Nasiru, da me ƙofar Sale ta fi tawa?"

"Baba, can fili ne. Bishiya takan tare sabis," in ji Nasiru, hankalinsa na kan wayar da yake kwancewa.

Datti bai ƙara tambayar kowa ba, ya ce sai ya sare mangwaron. Matarsa Asma'u ta ce, "Malam, kada garin neman gira a rasa ido. Dashen mahaifinka ne fa." Ya ce ita me ta sani a harkar zamani. Ya kira masu injin yankan katako, kafin azahar mangwaro yana ƙasa, ɗanyun 'ya'yansa warwatse a hanya.

Washegari ya share wurin tas, ya jera benci, ya aika a kira Balarabe.

"Ɗaga wayarka mu gani."

Balarabe ya ɗaga. Ya juya gabas, ya juya yamma, har kan kututturen ya hau da tsufansa. Babu ko alamar sabis. Ya sauko yana share gumi da hannun riga.

"Haba Datti! Can waya kawai muke zuwa yi, nan ne wurin zamanmu. Yanzu a ina kake so mu zauna?"

Datti ya zauna kan benci, rana na dukan ƙeyarsa. Ranar babu wanda ya gangaro, washegari ma haka.

Ana nan sai ga Sale da kansa ya sauko daga tudu, ya yi sallama, ya jajanta. Sannan ya tambaya cikin ladabi ko Datti zai taimaka masa da rassan, don yana so ya kafa wa baƙinsa rumfa.