Ranar da na cire hular kwano a cikin wuta

Hayaƙi ya cika soron, ina dukan ƙofa da kafaɗa, ina jin tarin yara a ciki. An sa mata sakata ta ciki.

Ƙarshen 1969 ne, satina na farko a faya sabis, wato hukumar kashe gobara, aikin da na samu da ƙarfina, ba wanda ya riƙe mini hannu. Lokacin ne gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar Ghana. Duk wanda ya shigo Zango da kaki, gudunsa ake yi.

Na ce, "Ku buɗe, gobara ce!"

Muryar dattijo ta fito. Baba Hamani ne, Bazabarme mai ɗinki. "Mun san ku. Gara wuta ta ci mu a ɗakinmu da a loda mu a mota."

Rufin ya soma zubo da garwashi, kuma an hore mu kada mu taɓa cire hular kwano. Na cire ta, na kafa fuskata a tagar soron.

"Baba, dube ni! Sule ne, ɗan Inna Mariya mai koko. Kai ka ɗinka mini rigar kaciya."

Ya yi shiru. Sai ya ce, "Kai Sule, kai ma ka shiga cikinsu?"

Na ji ƙarar sakata. Duk suka fito da ransu, ni kuma har yau gashi bai sake tsiro mini a gefen hagu na kaina ba, inda garwashi ya ƙone ni.

Har na yi ritaya ina kashe wuta, amma ban sake jin tsoro irin na wancan shirun ba. Dattijan Zango, wa ya tuna shekarar nan?