Ƙarfen Motar Baba a Birmingham

Mun tashi daga unguwar Longsight ta Manchester bayan sallar asuba, ni da wani abokina likita, da guntun ƙarfe mai tsatsa naɗe cikin bargo kamar jariri. Daga ƙarƙashin motar marigayi babansa ya ciro shi. Motar ƙirar Ingila ce, ta girme ni, ya yi dakonta daga Kano don ya ɗauki mahaifiyarsa a ciki idan ta zo wata mai zuwa. Ƙarfen ya karye, gara ta cinye takardun motar, babu wanda ya san shekarar ƙirarta. Sau biyu yana sayen wani a intanet, yana ƙin shiga.

A babbar hanya muka tsaya shan shayi. Da na ji kuɗin kofi ɗaya, sai da na leƙa ko akwai rago a ciki.

A bayan unguwar Small Heath ta Birmingham muka sami rumbun wani dattijon Bature, tsohon ma'aikacin kamfanin ƙera motoci. Jama'a, ƙarafa har rufi! Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Shi kuwa ko tabarau bai sa ba. Ya rufe ido, ya bi ƙarfenmu da yatsa kamar mai ɗori, ya ƙirga ramukan noti. Ya ce uku ne, kuma shekara ɗaya tak aka yi masu uku da wannan lanƙwasar, daga baya aka koma huɗu. Ya shige wani lungu, ya fito da wani ƙarfe irin namu sak. Aka haɗa su, rami ya hau rami. Na ce Allahu Akbar da ƙarfin da sai da tattabaru suka watse.

Sai yatsansa ya tsaya a kan wata tsohuwar walda.

"Wa ya yi wannan?"

Likita ya ce, "Wani mai walda ne a Kano, tun ina firamare."

Dattijon ya daɗe yana shafawa, ya ce a shekara hamsin bai ga ɗinki mai kyan wannan ba. Ya roƙi a bar masa guntun.

Kafin la'asar muna Manchester, sabon ƙarfen na kan cinyar likita. Na koyi cewa gwani na gane gwani ko ba su taɓa haɗuwa ba. Hajiya, mahaifiyar likita, za ta shiga motar mijinta, waldar Kano kuma tana rataye a bangon Birmingham.