Fegin Tsakiya

Mutumin nan ya kore ni daga aiki a kan kuskuren da shi ya yi, sannan ya ɗauki gyaran da na yi ya sa hannunsa a kai. Maganar ke nan, ban ƙara mata gishiri ba.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne. Ina jan sarƙar awon fili a ofishin safiyo a Kafanchan, shi kuma oganmu ne, bai daɗe da dawowa daga kos ba. Aka ba mu wani fili ta hanyar Zangon Kataf, ana so a san ko ƙasar za ta karɓi citta. A taswira an yanka filin gida-gida kamar na dara, kowane gida mita ɗari a tsaye, ɗari a kwance. Dokar aikin ita ce a kafa fegi a tsakiyar kowane gida, a tona rami a nan, a ɗebi ƙasa a kai gwaji.

Ba mu muke fitar da lambobin wurin fegi ba. Oga ya rubuta umarni, aka kai Kaduna aka huda a kati, kwamfuta ta lissafa, aka dawo mana da doguwar takarda. Ba ya bari kowa ya taɓa ta da hannun datti.

Tun ranar farko na ga abin. Gida na ɗaya, ɗari gabas, ɗari arewa. Na biyu, ɗari biyu da ɗari. A aji shida na tsaya, amma na san in ɗaki taku goma ne, tsakiyarsa taku biyar ne. Oga ya gaya wa inji ya ninka lambar gida da faɗin gida, ya manta ya ce a cire rabi. Sai kowane fegi ya riƙa faɗawa a kusurwa, inda gida huɗu suka haɗu. To ƙasar da za mu ɗiba a nan, ta wane gida ce?

Na ce, "Oga, a rage hamsin ta nan, hamsin ta can."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Kai da kwamfuta, wa ya fi zuwa makaranta? Ja sarƙarka, Injiniya." Leburori suka kwashe da dariya, sunan kuwa ya bi ni.

Da ya tafi gari ya bar mini aikin kwana uku, na yi abin da na sani daidai ne. Hamsin, ɗari da hamsin, ɗari biyu da hamsin, haka har bakin rafi. Ya dawo ya zagaya filin shi kaɗai, ya daɗe yana duba takardarsa. Ran Litinin aka miƙa mini takardar sallama: taurin kai da ɓata aikin gwamnati. A lokacin matata na da ciki wata bakwai.

Direban ofis ne ya ba ni sauran labarin. Ko fegi ɗaya ba a cire ba. Oga ya aika da sabon umarni Kaduna, sabuwar takarda ta zo da lambobina, aka yaba masa cewa idonsa ya kama kuskuren inji, aka ƙara masa girma. Ni kuwa duk ofishin da na je neman aiki sai a nemi fayil ɗina, a karanta, a ce in dawo wata mai zuwa. Na ƙare a dako a tashar jirgi.

Bayan shekara biyu muka haɗu a bikin aure, a ƙofar coci, mutane cike. Ya taho da fara'a, ya miƙo hannu.

"A'a, Injiniya! Yaya madam, yaya yara? Mu manta da wancan abu, mu 'yan'uwa ne cikin Ubangiji."

Na ce, "Oga, kai ka manta, don ba kai kake ɗaukar buhu a ka ba. Ƙaryar da ka rubuta tana nan a fayil, tana riga ni shiga kowane ofis. Ka je ka rubuta wata takarda, ka ce kai ka yi kuskure, ni na gyara, ka sa hannu. Ran da ka yi haka zan karɓi hannunka. Yanzu dai mayar da shi aljihu."